Kabayid a Ƙoƙon Abarbar Ado

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna ɗaga waya, kuna cewa, "Baba Ɗanjuma, ɗan matsa in ɗauke ta hoto," da ku nake. Na san abin da kuke yi da hoton. Ku watsa shi a waya, ku rubuta Turanci a ƙasa, wata baiwar Allah ta gani ta yi sha'awa, ku dawo ku saya a hannuna ku kai mata a adaidaita sahu, bayan sati uku ta kira tana faɗa ku kashe waya. Wannan kuke kira sana'ar fulawa. Wani a cikinku ya taɓa kallon tsabar idona ya ce wai aikin nan ai hutu ne, ruwa ne kawai da rana. Yau dai zan ba ku labarin shuka ɗaya tak, wadda saura ƙiris irinta ya ƙare a hannuna.

Masu boko suna ce mata buromiliya. Mu a lambu abarbar ado muke ce mata, don 'yar uwar abarba ce, ganyenta dogaye masu kauri, sun zagaye juna sun bar rami a tsakiya kamar ƙoƙo. Daga cikin ƙoƙon nan fure yake fitowa, ja wur, ya tsaya ƙyam wata uku ko fi bai yi yaushi ba. Shi kuke gani ku ruɗe. Abin da ba ku sani ba, sau ɗaya take yin fure a rayuwarta. Daga ranar da jan nan ya leƙo ta kama hanyar mutuwa, a hankali, kuma kafin ta ƙarasa sai ta fitar da 'ya'ya biyu ko uku a gindinta. Mai lambun da ya rasa 'ya'yan nan ya rasa iri.

Aikin farko da na yi wa Oga Okon ban ruwa ne, kuma na ɓata shi. Oga Okon mutumin Kalaba ne, shi ke kula da lambunan gidajen likitoci a nan kusa da asibitin koyarwa, yana kuma da rumfar sayar da fulawa a Gyaɗi-Gyaɗi, inda tawa take yanzu. Ni kuwa na zo masa da girman kai irin na ɗan manomi. Na tashi ina ban ruwan albasa da tumatir a fadamar garinmu, wa zai koya mini ruwa? Ya nuna mini tukwane tara a ƙuryar rumfa ya ce in shayar da su. Na cika bokiti a famfo, na kwarara wa kowace a gindi har ƙasar ta yi caɓa-caɓa, na dawo ina jiran yabo.

Ya je ya duba, ya daɗe a tsaye.

"Ɗanjuma," ya ce, "shinkafa na ce ka shuka mini?"

"Oga, ai sun sha sosai."

"Sun sha kam. Zo ka juye su duka."

Ranar har la'asar ina tsugune ina zazzage tukwane, ina karkaɗe saiwa, ina shanya ta a inuwa. Yana kaina yana bayani. A dajin da ta fito, in ji shi, a kan reshen bishiya take zama, saiwarta ta riƙe jiki ce kawai, ba ta shan ruwa ba ce. Ta ƙoƙo take sha. In ka jiƙa mata gindi kamar albasa, saiwar ta ruɓe, ganyen na nan kore shar yana yaudararka, sai wata rana ka taɓa ta ta tuge a hannunka tana wari.

Daga ranar ya hana ni taɓa su. Wata uku na yi ina dakan gawayi, ina yayyanka ɓawon kwakwa da muke karɓowa wurin masu kwakwa a Unguwa Uku, ina farfasa tsofaffin kasake, ina tankaɗe ɓawon gyaɗa. Waɗannan ake haɗawa a cika mata tukunya, babu jar ƙasa ko cokali ɗaya, don ruwa ya wuce ta ƙasa kafin ka ajiye buta. Ku kuwa na ga abin da kuke cika mata, ƙasar bakin kwata da kashin kaji, ku danna da ƙafa kamar masu yaɓen ɗaki. Kayan aikin namu ma ba su da kyan hoto: tsohuwar buta mai siririn baki, wuƙa, turmi, buhunan algarara da muke jiƙawa mu rataya a jikin rumfa idan iska ta bushe, da zana mai faɗi a sama don rana ta shigo a tace.

Ruwan ma ba kowane ba. Na bohol ɗin unguwar nan yana barin farin abu kamar kanwa a cikin ƙoƙon, ya toshe mata inda take sha. Don haka da damina muke tara na sama a durom-durom mu rufe, da rani kuma in ɗauki jarkoki in bi bayan ofisoshi ina tarar ruwan da ke ɗiga daga esi, na'urar sanyaya ɗaki, masu gadi suna yi mini kallon taɓaɓɓe. Duk sati sai ka karkata kowace tukunya, ka zubar da tsohon ruwan ƙoƙo ka zuba sabo, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haya. Tukunya hamsin, ɗaya bayan ɗaya, bayanka na ƙara. Wannan ne hutun da ɗan uwanku yake faɗa.

Irin da muke da shi, guda uku Oga Okon ya zo da su daga garinsu, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. 'Ya'yansu da yawa zafin Kano ya kashe, amma waɗanda suka tsira suka haifi masu taurin rai, aka yi ta haka har aka sami masu kaurin ganye da suka saba da bazararmu. Na sha gwada sayo wasu daga Jos. Kyawawa ne, amma 'yan gata ne da suka tashi a sanyi, wata ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi su narke. Saboda haka irin nan namu ba a kasuwa yake ba, ba kuma a mota ake kawo shi ba. Da tsufa ya kama Oga ya koma gida, ya bar mini goma sha huɗu da doka ɗaya.

"In uku suka yi fure, sayar da biyu. Ɗayar ka bar ta ta mutu a gida, ta haifa maka."

Shekara da shekaru ina bin dokar nan, har sha huɗu suka zama hamsin da biyu.

Masu saye kuwa, na ga iri-iri. Akwai Alhajin da ya kafa tasa a tsakar gida a ƙarƙashin rana tsaka don baƙi su gani, kwana huɗu ta ƙone ƙurmus, ya aiko direba wai na sayar masa da maras lafiya. Akwai Hajiyar da take goge ganyen da man gyaɗa don ya yi sheƙi. Akwai likita, babban likita mai fiɗa, da ya ajiye tasa daidai bakin esi tana shan busasshiyar iska dare da rana, ya zo yana tambayata ko akwai allurar da ake yi mata. Mutumin da aka ba wa amanar cikin ɗan Adam ke nan. Na raina su ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Har yau ina raina su. Sai dai duk ɓarnar da suka yi, kowa tukunya ɗaya ya kashe.

Aikin da ya karya ni, Metiron Hajiya Rakiya ce ta kawo shi. Babbar nas ce da ta daɗe tana sayen fulawa a wurina. Ta zo wata safiya ta ce za ta yi ritaya nan da wata biyu da rabi, a farkon bazara, kuma a wurin liyafar sallama tana so ta ba kowace nas da ta yi aiki a ƙarƙashinta abarbar ado guda, da furenta.

"Nawa ne, Hajiya?"

"Arba'in."

Na yi dariya. Na ce mata a cikin hamsin da biyun nan, waɗanda suka isa fure bana ba su wuce shida ba, kuma ita wannan shuka ba a yi mata gaggawa, sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta ga dama.

Ta gyara mayafi ta ce, "To, ba komai, Malam Ɗanjuma. Bari in aika Jos. Dama an ce mini masu fulawar Kano dogon yaro da fulawar shinge kawai suka iya."

Ta juya za ta shiga mota. Da na bar ta ta tafi, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, ni da na kwashe rabin rayuwata ina tarar ruwan esi. Na ce, "Hajiya, dawo. Ranar liyafarki za ki ga arba'in."

Akwai dabarar da na sani. Oga Okon ya taɓa nuna mini a kan wata tsohuwa da ta girma ta ƙi fure. Ya rufe ta a babbar leda tare da nunanniyar ayaba na sati guda, tururin ayabar ya zuga ta, bayan wata biyu ta yi. A lokacin ne ya ce manoman abarba a kudu ba sa tsayawa wasa da ayaba, kabayid suke sakawa, wannan dutsen mai wari da masu walda suke jiƙawa su kunna wuta. Faɗa ya yi a matsayin labari, bai ce in yi ba. Ni na tafi wurin mai walda a Tarauni na karɓo ƙulli guda, na farfasa shi ƙanana kamar ƙwayar wake.

Na fara da manyan. Ka jefa ƙwaya ɗaya a ruwan ƙoƙo, ya yi tsuu yana tafasa, wari ya bugi hancinka. Da na gama da manya goma sha biyar sai na tsaya ina lissafi a raina, ban san nawa za su amsa ba, in rabi suka ƙi fa, in ji kunya a gaban Hajiya? Sai na wuce kan matsakaita. Da na gama da su na waiwayi ƙananan, 'yan shekara ɗaya, waɗanda ko tsawon tafin hannu biyu ba su kai ba. Na san abin da fure yake nufi ga wannan shuka, ba wanda ya fi ni sani a duk Kano. Na jefa musu. Hamsin da biyu, ban bar ko ɗaya ba.

Biyar kabayid ya ƙone musu ciki, suka ruɓe a sati na biyu. Sauran arba'in da bakwai, a sati na bakwai suka fara ja a tsakiya, duka, rana ɗaya kusan. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin rumfata a watan nan ba. Motoci suna tsayawa, ɗaliban asibiti suna shigowa kallo, maƙwabtana masu fulawa suna zuwa suna tambayar sirri ina yi musu murmushin manya. Ranar liyafa na zaɓi arba'in mafi kyau na loda a motar ɗaukar kaya. Hajiya Rakiya ta ce, "Malam Ɗanjuma, na janye maganata." Na ji daɗi har cikin raina, ba zan yi muku ƙarya ba.

Na dawo rumfa na tarar da bakwai. Su ne ƙananan da na ji kunyar kaiwa, kowace da ɗan fure kamar babban yatsa. A kansu duk irin Oga Okon ya rataya. Sai bazara ta sauko da ƙarfinta. Na ninka zana, na jiƙa buhuna sau biyar a rana, na hana kaina zuwa ko'ina. A banza. Yarinyar shuka da aka tilasta wa fure ba ta da ƙarfin haihuwa, duk abin da ke jikinta ta zuba a furen. Huɗu suka bushe ba su fitar da komai ba. Uku suka fitar da 'yan tsiro kamar farce, suka bushe tare da iyayen. Ranar da aka yi ruwan farko, durom-durom ɗina suka cika, ba ni da ko ƙoƙo ɗaya da zan zuba wa.

Duk wanda ya tambaye ni, zafi nake cewa. Bazarar bana ce, ruwan bohol ne ya gauraya da nawa, wata cuta ce ta shigo daga kudu. Na faɗa har na fara iya faɗa ba tare da na kau da kai ba.

Abu ɗaya ya rage, arba'in ɗin da ke gidajen nas-nas. Furensu ya isa bushewa a lokacin, iyayen sun fara mutuwa, wanda ke nufin wasu na da 'ya'ya a gindi in an bar su. Na je gidan Hajiya Rakiya na roƙi sunaye da kwatance. Ta ba ni tana mamakin abin da zan yi da matacciyar fulawa. Na hau tsohon babur ɗina na fara bi gida-gida, Daurawa, Tarauni, Unguwa Uku, ina sallama a ƙofar mutanen da da nake yi wa kallon ba su san komai ba.

"Ai ta mutu, Baba, mun zubar."

"Wallahi tun Sallah akuya ta cinye ta."

"Wace? Oho, jar nan? Ga tukunyar can, tsintsiya muke sakawa."

Wata ta ce shekaranjiya ta jefa tata a bola. Na je bolar na sa sanda ina tono, da furfurata da komai, har na samo ta. An zuba mata ruwan wanke-wanke mai zafi, 'ya'ya biyu a gindinta sun dahu. Wasu nas-nas ɗin an yi musu canjin wurin aiki sun bar gari. Kwana goma sha ɗaya ina wannan yawo, kullum in dawo da buhuna a naɗe yadda na fita da shi.

A rana ta sha biyu na isa Ƙauyen Alu, gidan wata Sista Agnes. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa. Mijinta, Mista Sande, malamin makaranta, shi ya shigar da ni baranda ya ba ni kujera. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban ma zauna sosai ba don na saba da amsar.

"Tana nan, Baba," in ji ta. "Ta yi muni dai, amma tana nan. Sande, ɗauko ta a tagar banɗaki."

Ya fito da ita ya ajiye a gabana. Uwar ta yi ruwan ƙasa, furen ya bushe ya langaɓe. Na ɗaga ganyen ƙasa. 'Ya'ya uku ne, kore shar, a tsaye, kowane da ɗan ƙoƙonsa. Na tsuguna ina kallonsu.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Na ga ruwa yana kwana a ciki, ni kuma ba na shiri da sauro. Duk Lahadi in na dawo coci sai in sa sirinji in zuƙe tsohon, in zuba na sama da nake tarawa. Da ta fara bushewa Sande ya ce a zubar, na ce a'a, mai 'ya'ya ce."

Na roƙe ta. Ta ce ba ta sayarwa, amma biyu nawa ɗaya nata. Kafin ta rufe baki na zaro wuƙa daga aljihu, na buɗe buhu, na kama na farkon zan sa masa kaifi a inda ya manne da uwar.

"Tsaya, Baba," ta ce. "Kai da kake da su cike da rumfa, me ya kashe naka?"

Amsar na nan a bakina, na faɗe ta sau ɗari. Na buɗe baki in ce zafi. Sai na dubi tukunyar nan da ta yi bazara ɗaya da tawa, a gari ɗaya, a tagar banɗakin wadda ba ta taɓa riƙe buta a lambu ba.

"Ni ne," na ce. "Gaggawa na yi musu."

Ta kalli wuƙar da ke hannuna.

"To, yanzun ma ba gaggawar ba ce? Ni a ɗakin bakwaini nake aiki, Baba. Ba ma sallamar jariri don uban ya ƙosa, sai ya kai nauyi. Ban san fulawa ba, amma waɗannan a idona ba su kai ba."

Na ɗora yatsana a jikin ɗan na auna. Da kyar ya kai tsawon manuniya. Ƙa'idar sana'armu, wadda na koya wa mutane ba iyaka, ba a raba ɗa da uwa sai ya kai kusan rabin tsayinta ya fara tasa saiwar, domin har lokacin daga jikinta yake ci. In na yanke su ranar, da kafin sati biyu sun bushe a rumfata, kuma su ne na ƙarshe a duniyar da na sani. Na san haka tun kafin in zaro wuƙar.

Na naɗe ta na mayar aljihu. Mista Sande ya kau da kai kamar yana duba wani abu a jikin gini, Allah ya saka masa.

"Yaushe zan dawo, Sista?"

"Kai ne mai sana'a, Baba. Kai za ka faɗa."

"Wata uku."

"To, wata uku. Sande, mayar da ita taga."

Wata uku cif na jira, rumfata babu abarbar ado ko ɗaya, ina sayar da dogon yaro da fulawar shinge. A ƙarshen damina na koma na yanke biyu. Shekara huɗu suka ɗauka kafin ta farko ta yi fure don kanta, kuma da ta yi, masu saye uku suka taya na ce ba ta sayarwa ba ce, na bar ta ta mutu a gida. Duk waɗanda kuke gani a rumfar nan yau jikokin tagar banɗakin Sista Agnes ne. In kun ga na hana ku taɓa ƙananan da ke ƙurya, ba don na raina ku kaɗai ba ne, ko da yake na raina ku. Hannun da ya fi naku sanin aikin nan ya taɓa zaro musu wuƙa, kuma sai da nas ta ce masa ya tsaya.